Awon Mumuni a Maraɗi

Tasawa, Nuwamba 1984

Zuwa ga abokina Ishaƙu, a Mayahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida Hawwa da yara. Yaya gwiwar taka? Yaya kuma zaman gida, kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka kana yi wa shanun Filani allura, ga shi bana babu saniyar da ta rage ta gode maka?

Takardarka ta same ni a bakin gidan waya, inda nake zama ina rubuta wa mutane wasiƙu. Na gode da ka je har ƙauyensu, can bayan garin Sarkin Hausa, ka gano mini ɗiyata Zara'u, na kuma gode da ba ka ɓoye mini komai ba. Rijiya ta rufta da mijinta Mumuni, an fito da shi da rai amma ƙugunsa ya karye, yana kwance asibiti a Maraɗi. Abokin aikinsa Jatau bai fito da rai ba. Allah Ya jiƙansa. Na ji rijiyar noman rani ce, irin waɗanda sojoji suka ba da oda a gina ko'ina don mu ci ganyen salati tunda gero ya ƙi.

Ka ce shugaban ma'aikata ya faɗa wa Zara'u kada ta damu, kamfanin ginin rijiyar ya yi wa mutanensa asirans, abin da mutanen Katsina ke kira inshora. Ka tambaye ni ma'anarsa, tunda a gidan asirans na samu aikin akawu bayan sun kore ni daga koyarwa a lakwal, makarantar boko. To, zan gaya maka, kai kuma ka zaunar da ita ka gaya mata da sannu.

Abu uku ne cikin kwantaragin. Akwai na rai, wanda a gaskiya na mutuwa ne, don sai ka mutu yake aiki. Suna ba da dunƙulen kuɗi ga wanda mamacin ya ambata tun yana da rai, shi ne suke kira bénéficiaire. Ba ruwansu da rabon gado, ba ruwansu da liman, wanda aka rubuta sunansa shi ke karɓa. Al'amarin Jatau ke nan, kuma Allah Ya yafe mini, nasa ya fi sauƙi, don babu lokotoron, wato likitan, da zai yi gardama ya ce mutum bai mutu sosai ba. Sai na jinya, wato kuɗin gado da magani muddin yana kwance. Wannan yana tafiya yanzu, amma ranar da aka fitar da shi ba da izinin lokotoro ba, ya tsaya. Na ukun shi ne na naƙasa, invalidité, na wanda bai mutu ba kuma bai warke ba. A nan Mumuni zai faɗa, kuma a nan ne ake cin talaka. Lokacinsa bai zo ba tukuna, in ya zo zan yi maka bayani.

Yanzu dai ka gaya mata kada dangin mijinta su ɗauko shi su kai wa maɗori, ko da maɗorin ya fi asibitin iya aiki, kuma na san sau da yawa ya fi. Kada kuma kowa ya dangwala yatsa a kan wata takarda sai na gan ta. Na daɗe ina buga irin takardun nan, Ishaƙu. Wadda ke farawa da "muna baƙin cikin sanar da kai" na buga ta har yatsuna sun haddace, ina bugawa ina tunanin abincin rana.

Ka gaishe mini da Hawwa. Ka ce wa Zara'u ubanta yana nan, kuma wannan karon karatunsa zai yi wa gidansa amfani.

Naka,
Ƙadri

Tasawa, Fabrairu 1985

Aboki Ishaƙu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen gidanka. Da fatan tarin da ka ce ya kama ƙaramar ɗiyarka ya sake ta. Mu nan da sauran numfashi. Mutanen arewa sun cika bayan gari da bukkokin tsumma. Jar dawar taimako tana zuwa, tana kuma ɓacewa tsakanin sito da layin masu karɓa. Ba zan ƙara a kan wannan ba, irin tambayar ce ta raba ni da alli, kuma ban san hannu nawa takardar nan za ta bi kafin ta iso ka ba.

Na ji an sallami Mumuni, yana gida da sanduna biyu. Ka ce Zara'u ta yi murna da lokotoro ya rubuta consolidation, ta ɗauka warkewa ce. Ka gyara mata. Ma'anarsa ciwon ya tsaya inda zai tsaya, ba zai ƙaru ba, ba zai ragu ba, saboda haka kuɗin jinya ya ƙare daga ranar. Abin da ya rage shi ne awo.

Ga yadda awon yake. Za su kira shi Maraɗi gaban lokotoron da gidan asirans ke biya, ya duba shi, ya faɗi kashi nawa cikin ɗari na mutum ya lalace. Wannan adadi shi ne taux. Suna da littafi da aka yanke wa kowace gaɓa farashinta: ido ɗaya kaza, ƙafa kaza, babban yatsan dama ya fi na hagu tsada. Kai da ka san kasuwar shanu ba za ka sha wuyar ganewa ba. A kwantaragin kamfaninsu, in taux ya kai arba'in, Mumuni zai samu rente, wato kuɗi duk bayan wata uku har ƙarshen ransa. In bai kai ba, sai su ba shi capital, dunƙule ɗaya, su rufe littafi, ba su ƙara saninsa ba.

Ka san abin da ke tsakanin biyun. Gonarsa ba ta ba da ko dami ɗaya ba bana. Ba zai ƙara shiga rijiya ba, ba zai ƙara riƙe hauya ba. Iyakar Najeriya a rufe take, ko da yana da ƙafar zuwa cin rani. Da rente, Zara'u da ƴaƴanta uku za su ci tuwo kowace shekara, a yi ruwa ko kada a yi. Da dunƙule, za su ci shi su cinye, sannan su zo su kafa tasu bukkar a bayan Tasawa.

Don haka ina roƙonka ka je ka same shi, ka yi masa magana irin ta maza. Ranar awo ba ranar dauriya ba ce. Mu nan in aka tambayi mutum ya jiki, ko hanjinsa na waje sai ya ce da sauƙi. A ɗakin nan duk "da sauƙi" ɗaya tana cire buhun gero daga bakin ƴaƴansa. Ya faɗi duk inda ke ciwo, ya nuna duk abin da ya kasa. Ba ƙarya nake so ya yi ba, gaskiyar kawai, dukanta.

Ni da kaina zan je in yi masa tafinta. Ba zan bar shi hannun tafintan kamfani ba, na san wanda ke ciyar da shi. Na wanke tsohuwar kwat ɗina. Faransancina bai tsufa ba, ko da idona ya tsufa.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙadri

Tasawa, Maris 1985

Ishaƙu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ka yi haƙuri da rubutun, raina a ɓace yake.

Ashirin da biyar cikin ɗari suka ba Mumuni. Takardar ta iso jiya.

Bari in gaya maka yadda aka yi, don ka san irin mutanen da muke wahala a kansu. Na riga shi isa Maraɗi. Da aka sauko da shi daga mota, sai ga shi cikin babbar riga ta aro, da hula, fes da shi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ce masa wa ya ce ka yi ado? Ya ce ba a zuwa gaban manya da tsumma. Yana ganina kuma ya fara ƙoƙarin durƙusawa ya gaishe ni, da karyayyen ƙugu, sai da na daka masa tsawa.

Lokotoron yaro ne daga yamma, Hausarsa ta sayen goro ce. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na san inda zan kai fushina. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce Faransancina irin na da ne, ba a samunsa yanzu. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye maka ba.

Ɗakin ƙarami ne, kujera ɗaya ce, ta lokotoro, sai gadon awo. Ni ina tsaye. Aka ce Mumuni ya kwanta. Ya ƙi, ya ɗosana a bakin gadon kawai, idonsa a ƙasa. Aka ce ya cire wando a duba ƙugun. Ya riƙe mazagi gam. Ni na ce wa lokotoro ya duba ta kan tufa, ai hoton ƙashin yana gabansa. Ya ɗaga kafaɗa ya duba hakanan. Ya danna nan, ya danna can, Mumuni ko motsi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, amma ko uhum bai ce ba.

Sai lokotoro ya tambaya ko zai iya takawa zuwa ƙofa babu sanda. Na fassara, na kuma ƙara da cewa in ba ka iyawa ka ce ba ka iyawa. Ishaƙu, mutumin nan ya ajiye sandunan ya miƙe. Ya je ƙofa ya dawo, gumi na zuba daga haɓarsa, rigar aron ta jiƙe. Da ya zauna aka tambaye shi ciwon. Ya dube ni, ba lokotoro ba, ya ce:

"Da sauƙi, Baba."

Na juya na ce wa lokotoro yana shan azaba dare da rana. Yaron ya yi murmushi ya ce wannan kalmar dai ya san ta, ita ce Hausar da ya fara koya a asibiti.

Daga ƙarshe ya karanto tambayoyi biyu daga takardarsa, ya ce dole ne a yi wa duk wanda ya karye a ƙugu. Ɗaya a kan fitsari, ko yana riƙe shi. Ɗaya a kan kwanciyar iyali. Ka tsaya ka ji ni kafin ka yi mini dariya. Iyalin nan da ake magana ɗiyata ce. Yaya zan buɗe baki in tambayi mijin ɗiyata wannan? Ko kai ne ba za ka iya ba. Na ce masa lokotoro yana tambaya ko gida lafiya, ko babu wata matsala ta daban. Ya ce lafiya lau. Na faɗa wa lokotoro babu komai, ya ja layi biyu, aka tashi. Ban ga abin da aka rasa a nan ba, mutumin da ya taka zuwa ƙofa ai sauran lafiyarsa ƙalau take.

Ka ce mini ka je ka yi masa magana, kuma ya ce ya ji. To me ya ji? Na bar wurin zamana, na biya mota, na tsaya ina zuba Faransanci kamar gaban sufeto, shi kuma ya zo nuna mini shi namiji ne. An yi mana lakwal, an yi mana asibiti, an kawo mana asirans daga ƙasar da mutum ke kuka in ya ji ciwo, aka ajiye wa mutanen da ke ganin kuka abin kunya ne. Wanda ya tsara abin nan bai yi asara ba.

Kada ka gaya wa Zara'u adadin tukuna. Har yanzu kada a dangwala komai.

Ƙadri

Tasawa, Afrilu 1985

Abokina Ishaƙu,

Ina gaisuwa. Ka yi wa Hawwa godiya ta musamman. Abin da ta yi, ni da kai da lokotoro ba mu iya ba.

Na karanta abin da ka rubuto. Hawwa ta je ƙauyen, ta ga tabarmi da tsummoki a shanye bayan ɗaki, ta ja Zara'u gefe, ita kuma ta fashe da kuka ta faɗa mata. Tun ranar rijiyar Mumuni ba ya riƙe fitsari. Ɗaya maganar ma, ta kwanciyar iyali, haka take. Kuma ka ce tun jajibirin awon bai sa ruwa a bakinsa ba, a zafin nan, don kada abin ya kubce masa a gabana.

Na san littafin farashin nan, Ishaƙu. Waɗannan biyun, in aka ɗora su kan ƙugun, sun wuce arba'in da nisa. Suna cikin layi biyun da aka ja. Da tafintan kamfani ne ya tsaya a wurin, da ya yi tambayar yadda take, don shi ba ɗiyarsa ba ce, da kuma Mumuni ya kwanta ya cire wandon.

Akwai ƙofa ɗaya da ta rage. Wanda bai yarda da taux ba yana da ikon neman contre-expertise, wato a sake awo gaban wani lokotoro na daban, muddin bai karɓi kuɗin ba kuma wa'adin bai wuce ba. Mai nema shi ke biyan lokotoron. Na sa kekena a kasuwa. Na rubuta takardar neman, ga ta cikin ambulan ɗin nan, yatsansa kawai take jira. Kai za ka raka shi. Kai ba surukinsa ba ne, kuma ka saba duba abin da ke ƙarƙashin wutsiya ba ka kawar da kai ba. Ni ko hanyar Maraɗi ba zan bi ba ranar.

Ka hanzarta, don Allah.

Ƙadri

Tasawa, Mayu 1985

Zuwa ga Ishaƙu.

Bayan gaisuwa, ina fatan kun wuni lafiya, kai da Hawwa da yara. An ce hadari ya haɗu wajenku ya watse. Nan ma haka.

Ka rubuto cewa ka je sau biyu Mumuni ya ƙi dangwala takardar neman, bai kuma faɗa maka dalili ba. Kada ka sake wahalar da gwiwarka. Ya zo nan ranar kasuwa, kuma abin ya ƙare.

Motar kasuwa ce ta kawo shi, daga tasha mai amalanke ya ƙaraso da shi ƙofar gidana. Wakilin asirans ya riga ya bi shi har ƙauye da kuɗin a jaka, Mumuni kuma ya dangwala masa quittance. Ita ce takardar da ke cewa na karɓa, na gamsu, ba ni da sauran magana har abada. Na buga ɗaruruwanta. Babu alƙalin da ke buɗe ta.

Na shimfiɗa masa tabarma a zaure ya ƙi hawa, ya zame ya zauna a ƙasa daga gefe, ƙafafun a miƙe don ba sa lanƙwasuwa. Ya tura mini ƙunshi: yadi na riga, da goro, da sukari. Ya ce ya zo godiya ne. Duk ƙauyensu an san Mushe Ƙadri, malamin lakwal, ya sa kwat ya je Maraɗi ya yi Faransanci da lokotoro har aka biya surukinsa, abin da ba a taɓa yi wa wani maginin rijiya ba. Ya sayi gero, ya ce zai kai su kaka in Allah Ya kawo ruwa. Ban tambaye shi bayan kaka ba.

Na ce masa don me ka ƙi komawa? Ya daɗe yana zane a ƙasa da yatsa, sannan ya ce:

"Baba, in na koma da wani, cewa za a yi taka tafintar ce ba ta yi ba."

Na ce to ai ba ta yi ba. Na ce da ka bari an faɗa, wa ya rage a ƙasar nan da bai faɗi magana a kaina ba? Ya ce Allah Ya kiyaye, shi ba za a ji wannan ta dalilinsa ba. Daga nan ya koma tambayata lafiyar idona.

Ka san ba zai tashi ba sai na sallame shi, ni kuma na bar shi zaune fiye da yadda ya kamata. Can na ga ya jawo bakin rigarsa ya rufe cinyoyinsa, ya kafa ido a ƙasa. Na gane. Na ce masa Allah Ya yi albarka, ya gaida gida, ni zan shiga ciki in nemo wa yara tsaraba, kada ya jira ni don rana na yi. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, ina jin mai amalanke yana ɗaga shi, ina jin sandunan suna bugun katako. Ban fito ba sai da ƙarar ƙafar jakin ta ɓace.

Inda ya zauna ƙasa ta jiƙe. Na ɗebo rairayi na rufe wurin kafin wani ya shigo.

An sayi keken. Kuɗin yana cikin ambulan, ka ba Hawwa ta kai wa Zara'u, ta sayi sabulu. Kada a ce daga gare ni ne, sai ya sake biyan mota ya zo godiya.

Ka gaida kowa.

Naka,
Ƙadri